Odília da Mutumin Lisbon

Duk wanda ya sake ce mini Odília Raposo mace ce mai muryar maza, wallahi sai na watsa masa ruwan wanke-wanke. Ƙarya ce tsagwaronta. Shekara ashirin da biyu na yi ina zaune kusa da ita a masana'antar ɗinkin labule a nan Fall River, kekena na gogar kekenta. Ni Zulmira, ni na riƙe ɗanta Duarte ranar da aka yi masa baftisma, tun daga ranar kuma muka daina kiran juna da suna, sai comadre. Muryarta ta mata ce, siririya, mai kaifi, da ɗan kaushi a ƙasa kamar an kankari gindin tukunya da cokali. In ta kira ka daga wancan ƙarshen titi, kai da karenka duk sai kun waiwaya.

A tsibirinmu São Miguel ta samo ta. Ƙauyensu a kan dutse yake, teku na can ƙasa, macen da ba ta iya kwarara kira ya sauka har bakin ruwa ba, mijinta sai ya ci abincin rana da la'asar. Da suka zo Amurka ita da mijinta Jacinto, tana da shekara ashirin da ɗaya, sai ta faɗa ɗakin da kekuna ɗari biyu ke ruri tun safe har yamma. Mu sauran da hannu da ido muka koyi magana. Ita ko a jikinta. Takan yi gulmar shugaban sashenmu daga layi na farko, 'yan layi na tara su yi dariya, shi kuwa bawan Allah ba ya jin yarenmu, sai ya taya su murmushi.

Ba zan ce maka tana da daɗin zama ba, don ba ta da shi. Ta taɓa ce wa fada, limamin cocinmu, a gaban jama'a wa'azinsa ya sa ƙafarta ta yi barci har sau biyu. Ni kaina ta taɓa ce mini shinkafar madarar da na kai mata ta fi dacewa da toshe tagar da ke yoyo. Amma duk wanda aka sallama daga aiki a layinmu, a teburinta yake cin abinci har ya samu wani, tana zuba masa tana yi masa faɗa.

Duarte na da shekara goma sha takwas ya bi jirgin kamun kifi daga New Bedford a tsakiyar sanyi. Guguwa ta taso, kwana uku babu labarin jirgin. A rana ta biyu Odília ta tafi zauren ƙungiyarmu ta 'yan tsibiri, ta durƙusa gaban kambin azurfa na Ruhu Mai Tsarki, ta yi bakance da ƙarfi har mai shara a waje ya ji. Ta ce in aka dawo mata da yaron, ita za ta dafa sopas na biki kowace shekara har ranar da za a rufe ta. Mai sharan ya ce bai taɓa jin an roƙi Allah da tsawa haka ba. Rana ta huɗu jirgin ya shigo, injinsa a mace, wani jirgin na jan sa.

Kowa a nan ya san aikin sopas ranar biki. Tukwane takwas manya-manya, naman sa da kabeji da kirfa da ruwan inabi, a kwarara romon a kan burodi da ganyen na'a-na'a, a ciyar da duk wanda ya shigo, ko wane ne, kyauta. Mutum dubu, wata shekarar fiye. Mata ashirin a kicin, wuta takwas, tururi, ƙarar murafe, ga 'yan badujala na busa a waje. A cikin wannan hargitsi Odília da ido take girki, da murya take mulki. In ta ce, "Ke Natércia, wutar nan ta gidan ubanki ce? Rage ta," kafin ta rufe baki an rage. Shekara ashirin da huɗu ba a ƙona tukunya ko ɗaya ba.

Sai ga dusashewar murya da ta ƙi tafiya. Ta ce mura ce, ta yi wata huɗu tana shan shayi da zuma. Ashe ciwon daji ne a maƙogwaro. Matar da ba ta taɓa sa taba a baki ba! Jacinto ne ya sha tasa ya sha tata shekara talatin a ɗan kicin ɗinsu, ya riga ta tafiya ya bar ta da abin. Likitoci suka cire inda muryar ke fita gaba ɗaya, suka bar mata rami a wuya tana numfashi ta nan. An gwada mata 'yar na'urar nan mai ƙugi da ake kangawa a wuya, amma gasa ciwon da aka yi da na'ura a asibiti ya sa fatar ta yi tauri, ba abin da ke fita. Daga ƙarshe aka ba ta wani allo, ya fi waya faɗi: ta rubuta, ta danna, allon ya faɗa.

Ni na raka ta ranar da za a saita mata shi. Malamar da ke kula da irinsu yarinya ce Ba'amurkiya, Miss Kendra, mai kirki ƙwarai, ba ni da abin cewa a kanta sai dai ba ta da kunnenmu. Ta ce an yi sa'a, allon na da murya biyu a yarenmu, ta namiji da ta mace. Ta fara kunna namijin. Kalma uku ya faɗa Odília ta daki tebur da tafin hannu. Miss Kendra ta yi maza ta kashe shi, ta ce ita ma bai yi mata ba, yana magana haƙora a datse, ba ta jin komai sai shii-shii. Ta kunna macen, ta lumshe ido tana saurare. Ta ce ko kalma ɗaya ba ta fahimta amma ji take an rungume ta, kuma duk waɗanda aka gwada wa muryar nan sun ce tana kwantar da hankali.

Ni da Odília muka dubi juna. 'Yar Brazil ce. Irin 'yan matan nan na wasan kwaikwayon talabijin da muke kallo bayan cin abinci, masu kuka jan bakinsu bai goge ba. A takarda yarenmu ɗaya da su, amma mu 'yan tsibiri rabin kalma muke cinyewa mu tofar da sauran, su kuwa sai su buɗe baki su ja kowace kalma kamar alewa, su ɗaga ƙarshenta sama. Na tambayi Miss Kendra ko babu ta tsohuwa, ko ta 'yar São Miguel, ko dai ta macen da ranta ya ɓaci. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ta ce ana iya ƙara mata sauri, ana iya ƙara mata ƙarfi, iyakar abin ke nan.

Tun kafin biki ya zo na fara ganin ɓarnar. Mai shagon burodin layinmu, tsoho da jikoki, da ya ji allon ya ce a ba shi burodi biyu, sai ya gyara hula ya ƙara na uku kyauta. Duarte ya zo ya same ni yana murna, wai ciwon nan ya sa Mama ta yi laushi, yanzu ana iya zama da ita a yi hira. Na ce masa ya daina sauraron yarinyar da ke cikin allon, ya kalli idon uwarsa in tana dannawa. Ya ce ni dai ba na son zaman lafiya.

Bikin farko bayan tiyata, Odília ta zo tun da sassafe, ƙyalle a wuya, allon rataye a ƙirji da igiya, an ƙure masa ƙarfi. Matan suka yi ta rungumarta suna hawaye. Wajen ƙarfe goma wutar tukunya ta shida ta yi yawa. Na ga idon Odília ya kai can, na ga yatsunta na dukan allon, ta danna.

"Ke Natércia, jaka, wutar nan ta gidan ubanki ce? Rage ta."

Kalmomin nata ne, ba a taɓa ko ɗaya ba. Amma yarinyar nan ta faɗe su a hankali, da shagwaɓa, sai ka ce tana roƙon saurayi ya saya mata takalmi. Sai kicin ya fashe da dariya. Natércia ta riƙe ciki, ta ce don Allah a sake danna mata, tunda uwarta ta haife ta ba a taɓa zaginta da daɗi haka ba. Wata ta leƙa ta kira na waje su zo su ji. Odília ta sake rubutawa, zagin ya fi na farko muni, dariyar ma ta fi ta farko. Na ture su na isa murhun, amma ƙauri ya riga ya tashi. Tukunya guda ta nama aka kwashe aka zubar a bayan zaure, Odília na tsaye tana kallo, iska na fita ta ramin wuyanta da ƙarfi.

Babu mugu a cikin matan nan, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Son ta suke yi. Tsoronta kawai suka daina ji, wuta takwas kuwa ba ta jiran a gama dariya.

Gilberto Arruda shi ne shugaban ƙungiya a lokacin, mai shagon tayoyi, mutum mai son a gan shi yana alheri. A watan Oktoba, ranar wata Lahadi bayan an fito coci, ya tara mu ya ce lokaci ya yi da za a karrama Tia Odília, kamar yadda muke ce wa duk babbar mace. Za a rubuta sunanta a jikin bango, a ajiye mata kujera kusa da kambi ta zauna ta huta. Kicin kuma a ba wa 'yar ƙanwarsa Nélia, wadda ta yi karatun girki a kwaleji. Bai ambaci tukunyar da ta ƙone ba, amma kowa ya ji ƙaurinta a maganar.

Odília ta riga ta ji ƙishin-ƙishin, kwana uku ta yi tana shirya amsa da yatsa ɗaya. Ta miƙe, ta ɗaga allon, ta danna.

"Ban yi alkawari da Gilberto ba, ban yi da kwamiti ba. Da Ruhu Mai Tsarki na yi, a ɗakin nan, a kan gwiwoyina. An ba ni ɗana. Ni ban gama cika nawa ba. Mai son tukwanen nan ya jira a rufe ni. Kujerarku kuma Gilberto ya zauna a kai, shi ne gwiwa ke damu."

Da ka ji yadda yarinyar ta rera shi. Wajen "a rufe ni" har da ɗan karya murya. Mata suka yi ta ayya, wata ta share hawaye ta ce abin tausayi. Maganar gwiwa kuwa Gilberto ya fi kowa dariya. Ya taso ya sumbaci Odília a ka, ya juyo ya ce, "Kun ji ko? Yanzu Tia ko faɗa take yi zuma ce." Aka tafa mata. Aka tafa wa macen da ta gama gaya musu su jira mutuwarta. Da ba don mutum biyu na kwamiti ba sa nan ba, da a ranar an gama da ita. Aka sa ƙuri'a bayan sati biyu.

Washegari na same ta a kicin ɗinta, na ce mu koma wa namijin nan da ta ƙi. Na san abin da nake nema. Mutumin Lisbon ne, kuma lokacin muna 'yan mata daga Lisbon, babban birnin ƙasarmu, ake turo mana duk wani mai hula, alƙali, ɗan sanda, jami'in soja, masu kallonmu a matsayin ƙauyawan da ba su iya magana ba. Da irin muryar nan wani ya tsaya a ƙofar cocin ƙauyensu ya karanta sunayen samarin da za a kai yaƙin Angola. Yayanta Laudalino ne na huɗu. Ko gawarsa ba a dawo da ita ba, takarda aka aiko, wani mai irin muryar ya karanta wa uwarsu a tsaye.

Duk na sani, amma na ce mata karen bana shi ke maganin zomon bana. Na ce mutanen nan kunnensu suke bi ba hankalinsu ba, a ba su abin da kunnen ke tsoro. Ba ta taɓa allon ba. Ta jawo tsohuwar ambulan, ta rubuta a bayanta da biro, ta turo mini: gara in mutu bebiya. Na ce to bakancen fa, shi ma bebe zai mutu? Ta tashi ta buɗe mini ƙofa ta tsaya riƙe da ita har na fita.

Ranar ƙuri'a zaure ya cika, har da waɗanda ba su da ta cewa. Gilberto ya sa an kawo fure. Kafin a fara Odília ta shiga banɗaki ta gyara ƙyallen wuyanta, ta bar mini jakarta da allon. Ranar saiti na kalli yatsan Miss Kendra da kyau, dannawa uku ce ke canja murya. Na yi su. Haushi nake ji, na Gilberto da furensa, na matan da ke ayya, na ita kanta da taurin kanta. Ta dawo na miƙa mata kayanta, ban gaya mata abin da na yi ba.

Gilberto ya maimaita zancen karramawa, ya tambaya ko Tia na da abin ƙarawa, yana murmushi tun kafin a fara, yana jiran zumarsa. Ba ta rubuta sabon abu ba, na sati biyu da suka wuce ne ke ajiye. Ta miƙe ta danna.

"Ban yi alkawari da Gilberto ba."

Murya mai kauri, a daddatse, ba hawa ba sauka, kowace kalma a yanke da haƙori. Na ga kafaɗun Odília sun zabura. Ta dubi allon, ta juyo ta dube ni. Yatsanta na kan wurin kashewa, ina gani. Sai ta dubi zauren.

Kujeru sun daina motsi. Tsofaffin da ke layin gaba, waɗanda suka yi soja, biyu a cikinsu sun cire hula ba su ma sani ba. Gilberto da ke tsaye ya laluba kujera ya zauna. Mutumin Lisbon ya ci gaba, ya ce an ba ni ɗana, ya ce mai son tukwanen nan ya jira a rufe ni. Da ya zo kan gwiwar Gilberto babu wanda ya yi ko murmushi, Gilberto kansa ya sa hannu ya rufe gwiwar. Odília ba ta kashe ba. Ta tsaya ƙiƙam har ya kai ƙarshe, fuskarta ta yi fari fat.

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce gaskiya ne, bakance ba abin wasa ba ne, bai kamata a shiga tsakanin mutum da Ubangijinsa ba. Sai ka ce ba shi ne ya tafa sati biyu da suka wuce ba. Wani ya ce dama shi tun farko hankalinsa bai kwanta ba. Munafukai. Nélia, wadda a nan aka haife ta, yarenmu kuma rabi-rabi take ji, ta raɗa mini cewa ba ta gane duka ba, amma ji ta yi an kira ta ofishin shugaban makaranta. Aka ɗaga hannu a kan a bar wa Odília tukwanenta, ba wanda ya ƙi. Gilberto ma ya ɗaga, furen na kan cinyarsa.

A wurin ajiye motoci na cim mata, ina haki, na ce, "Comadre, mun ci." Ta buɗe jaka, ta ciro ambulan, ta ɗora a kan motar wani ta rubuta, biron har yana huda takardar. Ta manna mini a ƙirji ta wuce. Abin da ta rubuta shi ne: Maganar ɗaya ce. Ba ni suka ji ba, shi suka ji.

Ba ta ƙara kallon inda nake ba sai Kirsimeti. Amma ba ta mai da yarinyar ba, tana sane, dannawa uku ce ita ma ta iya. Biki ya zo, ta shigo kicin da mutumin Lisbon rataye a ƙirji. Ya ce a rage wuta, aka rage. Ya ce wa Natércia jaka, Natércia ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Matan suka sa masa suna Dakta. Dakta ya ce a ƙara gishiri, Dakta ya ce kabejin bai isa ba, maza ku yi kafin Dakta ya gani. Da yamma Gilberto ya hau dandamali ya yi godiya ga Tia Odília da sabon mijinta, zaure ya ɗauki dariya, ita tana bakin ƙofar kicin tana goge ludayi, ba ta ɗago ba.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka, tukunya ba ta sake ƙonewa ba. Ni dai ba ta taɓa yi mini magana da shi ba, ko sau ɗaya. Ni sai ambulan, bayan takardar kuɗin wuta, bayan takardar coci, ina da kwalin takalmi cike da su. Duarte kuwa bai iya karatun yarenmu sosai ba, saboda haka shi ta bakin Dakta yake jin uwarsa. In ta tambaye shi ko ya ci abinci, sai ka ga ƙaton mutum mai furfura ya gyara tsayuwa kafin ya amsa.

Ba wai ba a nemi mafita ba. Da shekaru suka ja aka fito da sababbin muryoyin mata, Miss Kendra ta kira mu ta kunna mata guda shida. Duk yara ne, duk masu ladabi, irin masu sanar da tashin jirgi. Odília ta girgiza kai sau shida. Daga baya aka ce in akwai tsohuwar muryarta a kaset, ana iya ƙera mata irinta. Duarte ya kwaso kaset ɗin biki na shekara da shekaru, muka zauna muka kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ga jerin gwano, ga kambi, ga 'yan mata cikin fararen kaya, ga shugabanni na jawabi, ga mutum dubu na shan romo. A duk tsawon shekarun nan babu ɗan halak ɗin da ya taɓa shiga kicin da kyamara.

Ta rasu a watan Maris, ba ta taɓa fashin biki ba. Bakancenta ya cika cif. Natércia ta riga ta da shekara uku, tsofaffin kicin kuma wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa garuruwan da ba sanyi. Waɗanda suka cika wurin yara ne da suka shigo a zamanin Dakta. Nélia ta karɓi tukwanen, kuma ba zan ci amanarta ba, ta iya, a hannun Odília ta gama koyo.

Bikin bana ina zaune a gefe ina yanka burodi, don ƙafafuna sun daina tsayuwa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata yarinya ta bar wuta ta yi yawa. Nélia ta hango. Sai ta bankaro ƙirji, ta sa hannu a wuya, ta datse haƙora, ta saukar da murya can ƙasa ta ce, "Ke jaka, wutar nan ta gidan ubanki ce? Rage ta." Kicin ya ɗauka, ana dariya ana share ido. Suka ce wallahi kamar tana nan. Duarte ya shigo ɗauke da kwandon burodi, ya tsaya, hawaye na zubo masa, ya ce, "Mama ke nan sak."

Ban san lokacin da na buga wuƙar a tebur ba. Na ce ƙarya ne. Na ce wannan ba Odília ba ce, wani ƙaton Lisbon ne da aka ɗura a cikin allo, wanda bai taɓa ganin São Miguel ba, bai taɓa yanka albasa ba. Na ce wa Duarte kai ma, kai da ta yi wa kira daga taga shekara arba'in, ba ka ji kunya ba? Na ce muryarta ta mata ce, siririya, mai kaifi, da kaushi a ƙasa. Na faɗa musu zancen tukunya da cokali, na faɗa musu zancen layi na tara.

Duk suka juyo suna kallona. Nélia ta matso, ba da gatse ba, da gaske take, ta dafa ni ta ce, "To Tia Zulmira, yi mana ita. Mu ba mu taɓa ji ba."

Na ajiye burodin. Na rufe ido, na kira ta a raina, na sa ta a bakin tukunya ta shida da ludayi a hannu, na jira ta buɗe baki. Ta buɗe. Dakta ne ya yi magana. Na kore shi na koma masana'anta, kekuna na ruri, ta juyo za ta yi mini gulma, shi ne dai. Na koma ranar baftisma, na koma ranar da jirgin ya shigo tana ihu a bakin ruwa. Ina ganin bakinta, ina ganin jijiyar wuyanta, amma duk inda na je mutumin da na danna da yatsana ya riga ni isa. Bayanin muryar nake da shi, muryar ta tafi, ban kuma san ranar da ta tafi ba.

Na daɗe baki buɗe. Duarte ya ajiye kwandon ya fita. Wata ta ce a bar Tia, gajiya ce. Nélia ta koma kan tukwanenta, don mutum dubu na jira a zaure, ni kuma na ɗauki wuƙar na ci gaba da yanka burodi.